Ranar da na sallami ɗan kabu-kabu

A lokacin ban daɗe da ajiye alli ba, bayan shekaru ina koyar da lissafi da kimiyya a Gaya, kuma ina fama da ciwon nan na malamai: duk abin da aka rubuta a littafi, gani nake na iya shi. Na sayi wata tsohuwar mota da aka ƙetaro da ita daga Kwatano, irin wadda Turawa ke yawon hutu da ita, da gado da murhu a ciki. Aibinta ɗaya, ba ta son tashi. A murɗa makulli, ta yi ta gurnani, ta ƙi kamawa. Makanikin da na kai wa ya tambaye ni inda nake shan mai, na ce na kwalba, a bakin hanya, kamar kowa. Ya ce to ruwa ne ya kwanta a gindin tanki, sai an sauke an wanke, a sake matatar mai. Ni kuwa na bi littafin motar shafi-shafi, na yanke hukuncin buji ne, wato filogin da ke ba injin wuta. Sau uku ina sake buji. Ban wani damu ba, tunda rabin gari ɗalibaina ne. Duk inda ta maƙale sai in ji ana kiran Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wurinmu, an taru an tura.

Wata damina na je Bengu wurin yayana, manomin shinkafa. Da hantsi kububuwa ta sare shi a idon sawu. Ana fito da shi daga gona wani ɗan kabu-kabu ya tsaya, ya ce a ɗora masa shi a babur, wani ya riƙe shi ta baya, yanzu su isa asibitin Gaya. A nan na yi abin da har yau yake ci mini rai. Na ce masa yayana ba buhun masara ba ne, ga mota mai gado. Na sallame shi, har da godiya.

Muka kwantar da shi, na murɗa makulli. Gurnani. Na sake, na sake, ina taka mai, gurnanin yana raunana, har batir ya yi shiru. Aka zo turi, amma an sha ruwan sama, tayoyi sun nutse a laka, motar kuma nauyin gida gare ta. Aka aika neman wani babur, ashe ranar kasuwa ce, duk sun fita. Kumburi ya kai gwiwa, dasashinsa ya fara jini. A haka ma sai da ya zolaye ni, wai Mushe ya duba mana shafi na nawa aka yi maganar maciji. Matarsa ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a ƙofar mota tana kallon hannuna a kan makullin da ba ya yin komi.

Wani dattijo mai injin ban ruwa ne ya matso, ya ce in ba shi wuri. Ya zare tiyon mai, ya tsiyaya a kofin shayi, ya ɗaga mini a ido: mai a sama, ruwa a ƙasa, darasin da na sha zana wa yara a allo. Ya ɗauko galan ɗin injinsa, ya ja tiyo daga galan zuwa karburato. Shanun noma biyu suka fisge mu zuwa busasshiyar ƙasa, maza suka tura. A turi na uku ta kama. Na tuƙa, dattijon na gefena rungume da galan, yana ce mini ɗana, kada ka bari ta mutu, in ta mutu shi ke nan.

Sai bayan la'asar muka isa. Likita ya tambayi lokacin sarar, aka faɗa masa, ya tambayi abin da ya tsayar da mu. Kafin in buɗe baki yayana ya ce hanya ce ta lalace. Ya rayu, amma an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, kuma har yau duk wanda ya tambaye shi, hanya yake ɗora wa laifi. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Na rubuto ne don masu irin halina. Motar da ke wahalar tashi, ku gyara ta tun kuna da zaɓi, ku kuma saurari wanda hannunsa ke cikin baƙin mai, ko bai taɓa zama aji ba. In kuwa rai ne a gabanku, ku hau abin da injinsa ke kunne a lokacin, ko da babu gado a ciki.