Motar da ta Fuskanci Yamma

Makon jiya na shiga tashar jirgin ƙasa ta cikin birnin Abuja a karon farko. Tsarinta ba wuya: ka karɓi tikiti, ka bi ta wata 'yar ƙofa da ba ta ɗaukar mutum biyu, ka bi matakala, ka tsaya a dakalin jira. Ko'ina allo ne da kibiya. Abin da ya tsayar da ni shi ne jirgin kansa. Goshi biyu gare shi, gaba da baya duk ɗaya, ba ka sanin inda ya dosa sai ka karanta. Na kasa zama. Na yi ta kai da kawo a dakalin, ina tuna kakata.

Lokacin da nake ƙarama garinmu ne ake kira Abuja, kafin a ɗauki sunan a ba sabon birnin tarayya, mu a ce mana Suleja. Tsohuwar tashar motarmu fili ce a gefen kasuwa, ba katanga, ba ƙofa. Da damina taɓo, da rani ƙasa mai warin man juye. Wata tsamiya ce a tsakiya, 'yan kamasho na zama a gindinta. Babu allo ko ɗaya, don ba a bukatarsa. Kowace mota goshinta na kallon garin da za ta. Ta Minna ta fuskanci yamma, ta Kaduna arewa, ta Keffi gabas, ta Koton Ƙarfe kudu. Ban san wanda ya fara wannan tsari ba. Na dai san makiyayi da Bagwariya da ɗan kudu da bai iya Hausa ba duk sukan shigo su nufi motarsu kai tsaye.

Kakata, mahaifiyar babana, fataucin tukwane take yi. Ta shekara talatin tana bin waɗannan hanyoyi huɗu, kuma ba ta taɓa tambayar kowa mota ba. Tana alfahari da haka. Takan ce mai tambaya a tasha baƙo ne.

Sai gari ya fara cika. Masu awon ƙasa, leburori, manyan motocin kamfani, malaman ofis daga jihohin da ba mu taɓa jin sunansu ba. Filin ya yi kaɗan, aka mayar da tasha bakin titi. Aka kewaye ta da waya, aka yi ƙofar shiga ɗaya, ta fita ɗaya, aka jera motoci sahu-sahu, kowanne da ɗan allo a kan sanda. Kakata ba ta je ba, ciwon gwiwa ya kwantar da ita wata uku.

A cikin daminar da aka mayar da tashar takarda ta zo: na ci jarrabawa, ana nemana intabiyu a wata makarantar 'yan mata a Minna, ranar Laraba kafin azahar. Wadda ba ta zo ba, a ba wata gurbinta. Babana yana wurin aiki a nesa, mahaifiyata tana jego. Kakata ta ɗaure gwiwa da tsumma ta ce ita za ta kai ni. Ban yi barcin kirki ba kwana biyu. Na goge takalmina har sau uku.

Da hantsi muka shiga sabuwar tashar. Ƙofar fita a yamma take, saboda haka kowace mota yamma take kallo. Kakata ta tsaya, ta dubi sahu-sahun, ta riƙe haɓa.

"Yau kowa Minna za shi?" in ji ta. "Tun da aka kai musu gwamna, gari ya tashi."

'Yan kamasho goma na ihu lokaci ɗaya, ba ka jin na kowa. Wani ya hango mu ya ce, "Iya, saura mutum biyu!" Ta ja hannuna. A kan sandar da ke gaban motar an rubuta Kaduna da farin fenti, harafi shida, manya. Na karanta. Na sake karantawa. Na dubi kakata tana ba da umarnin inda za a sa ƙullinta, mutane na matsa mata, wasu na gaishe ta don sun san ta. A gidanmu yaro ba ya gyara wa babba a gaban jama'a. Na ce a raina wataƙila allon ne aka kafa ba daidai ba. Na shiga.

Ba zan manta zaman nan ba. Takardar tana cikin rigata ta jiƙe da gumi. Na ga inda hanyar Minna ta rabu, na ga mun bar ta a hagu. Na buɗe baki na rufe. Kakata tana hira da wata mata kan tsadar gishiri. Can sai ta taɓa kuncinta na dama.

"Direba, rana me take yi a wannan gefen?"

"Aikinta, Iya."

"Ɗan nan, ban da wasa. Mai zuwa Minna rana a ƙeya take dukansa."

"Mai zuwa Minna ke nan. Mu Kaduna za mu. Ga Tafa nan gaba."

Motar ta ɗauki dariya, ba ta mugunta ba, amma dariya ce. Wani dattijo ya ce a sauke mu. Direban ya tsaya a Tafa, ya sauko da ƙullin da kansa, yana cewa, "Ai da kin duba allo, Iya."

Muka tsaya a bakin hanya. Hadari na haɗuwa ta gabas. Duk motar da ta ɓullo sai in ɗaga hannu, ta wuce a cike. Kakata ba ta zauna ba duk da gwiwar. Sai ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba.

"Akwai allo?"

"Akwai, Kaka."

"Kin karanta?"

"Na karanta."

"Kika yi shiru."

Na sunkuyar da kai.

"To me za ki je yi a makarantar? Ki ƙaro abin da za ki riƙe a ciki?"

Wata motar doya ce ta mayar da mu mararraba, daga nan wata akori-kura ta kwashe mu, ruwa na dukanmu. Mun isa Minna bayan la'asar. 'Yan mata sun watse, shugabar makarantar, wata mata Kirista mai farin gilashi, tana kulle ofis. Na ɓuya a bayan kakata ina jiran ta yi magana, kamar kullum. Sai ta sa hannu a gadon bayana ta tura ni gaba.

"Faɗa mata. Yadda aka yi, ba ragi."

Na faɗa: tsohuwar tasha, goshin motoci, allon da na gani, shirun da na yi. Matar ta saurara har ƙarshe da makulli a hannu. Ta ce in sake faɗa da Turanci. Na lallaɓa na faɗa. Ta buɗe ofishin ta rubuta sunana.

Na sami gurbin. Amma kakata ba ta ƙara tafiya ita kaɗai ba. Gwiwar ta warke, tukwanen ne ta bar wa wata ƙanwarta. In tafiya ta kama dole, sai ta aika a kira jika mai karatu, ta tsaya a ƙofar tasha tana jira a nuna mata, kamar baƙuwa.

Yau tashoshin Suleja sun fi ƙarfin lissafina, kowace kwana da tata, kuma mota inda ta sami wuri nan take sa goshi. Inda tsamiyar take shaguna ne na masu gyaran waya. Na taɓa tambayar wani matashi a wurin ko ya san nan tasha ce a da. Ya ce bai sani ba. Na ce ya nuna mini yamma. Ya ciro wayarsa.