Mai Taswirar Hayaƙi

A bayan masana'antar narka ƙarfe aka haife ta, unguwar da ake shanya farar riga a kwashe ta ruwan toka. Mahaifinta direban babbar mota ne a masana'antar. Shi ya tsaya kai da fata sai da ta yi karatu, har ta samu aiki a wani ofis mai auna gurɓatar iska.

Aikinta na zama ne. Kullum da rana tauraron ɗan'adam zai ratsa ta saman gari, ya auno iskar gas mai guba da ke tashi daga bututun masana'antu da salansar motoci. Ita kuma ta cire wuraren da gajimare ya rufe, ta zuba sauran a taswira: shuɗi lafiya, ja matsala. Unguwarsu ba ta taɓa fita daga ja ba.

Da tarin Baba ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta kai masa taswirar a waya.

"Baba, ka ga jan nan? Gidanmu ne a tsakiyarsa. Don Allah ka tashi."

Ya ƙura wa wayar ido. "To, abin naku ya hango ni ina shan iska a ƙofar gida?"

"Ba ya ganin mutum, Baba."

"Ashe bai san abin kallo ba." Ya fashe da dariya, tari ya sarƙe shi.

Ta kama masa ɗaki kusa da ita, can inda iska ke da kyau. Bai daɗe ba ya tattara kayansa ya koma. Wai shirun ya yi yawa, ba wanda zai ce masa kanzil. Ta yi fushi, ta ɗauke ƙafa na ɗan lokaci. Da ta koma, bencin ƙofar gida ma sai an riƙe shi yake kaiwa. Ta yi jinyarsa wannan daminar, bai ga ƙarshen daminar ba, ya rasu.

Bayan shekara biyu, rahoton ofishinsu ya sa aka tilasta wa masana'antar saka matatar hayaƙi. Abokan aiki suka sayo lemo, aka miƙa mata nata. Ta ajiye shi gefen kwamfuta, ta fita matakala ta kira ƙaninta. Da ya ɗauka, sai ta tambaye shi yara.