Ɗalibar Ƙarshe ta Malam A-Sake

Shekara talatin da biyu Malam A-Sake ya yi yana koyar da 'yan aji ɗaya, kuma ba a banza ya samu sunan ba. Ko yaro ya faɗi daidai, sai ya ji "A sake!" Aƙidarsa guda ce: a maimaita har abu ya zauna, wanda ya iya a ba shi alawa, wanda ya kasa ya kalli ana tsotsa. Tururuwa ma sun haddace hanyar aljihunsa.

Mutum ɗaya ce bai taɓa koya wa ko baƙi ɗaya ba: matarsa, mai ɗinki. Da can bai damu ba. Sai bayan ya yi ritaya idanunsa suka fara hazo, likita ya ce ba za su dawo ba, ya haɗa shi da magunguna uku masu kwalba iri ɗaya, rubutun jikinsu ne kawai ya bambanta. Malam ya tsorata ƙwarai. Yana gudun ya sha na dare da safe, amma ya fi gudun ranar da zai kira maƙwabci ya karanta masa, shi da ya koya wa rabin unguwa karatu.

Sai ya kafa allo a falo, ya zaunar da matar don ta koyi karanta masa.

"Ce ba."

"Ba."

"A sake!"

"Haba Malam, kurma ka zama kuma?"

Ya miƙa mata alawa. Ta ce haƙoranta nawa suka rage da zai ƙarasa su?

Ana haka 'yarsu ta dawo daga kwalejin horar da malamai, kai cike da sabon ilimi. Ta ce, "Baba, wannan ai horar da aku ne. Mutum ba buhu ba ne da za a yi ta ɗura masa. Shi yake gina iliminsa da kansa." Ta bi gida tana manna takardu: ƙofa, taga, tukunya, wai Umma ta gano da kanta. Umma kuwa ta gano takardun sun yi daidai da ƙunshe maɓallai.

Kwana goma uba da 'ya suna musu a kan Umma, kowa da hujjarsa, ba wanda ya tambaye ta abin da ta sani.

Wata safiya Malam ya juya kwalba a hannu ya rasa gane ta, ya ajiye a hankali don kada a lura. Umma ta lura. Ta ɗauka, ta ƙura wa rubutun ido.

"Wannan mai lanƙwasa kamar maciji, ai shi nake fara ɗinkawa in za a sa sunan Sakandare. Ga mai kama da tsani nan a bayansa."

Ashe shekara ashirin tana ɗinka sunayen makarantu a aljihun rigunan yara. Duk baƙaƙen suna hannunta, sunayensu ne kawai ba wanda ya gaya mata. Kunya ta kama Malam. 'Yar ta buɗe baki za ta ce ai abin da take faɗa ke nan, uwar ta harare ta.

Daga ranar ita ke nuna siffa, shi ya faɗi suna. Kafin wata ya ƙare ta ɗinka wa kwalaben jakunkuna uku, kowacce da rubutu na zare mai kauri: SAFE, RANA, DARE. Ta kama yatsansa ta ɗora a kai.

"Shafa. Me ka ji?"

Ya bi zaren a hankali. "Safe."

"Daidai," in ji ta. Ta zura hannu a aljihunsa ta ciro alawa ɗaya, ta ɓare, ta sa masa a tafin hannu.