Hular Jibo Ban-Haƙuri

Duk wanda ya taɓa yin rigima a Dutsin-Ma, in dai rigimar ta amsa sunanta, ya san Malam Jibo. Sana'arsa ta gado tufkar igiya ce, dabaibayi da takunkumi da igiyar guga, yana bin kasuwanni da su a bayan keke. Amma ba da igiya aka san shi ba. Jibo Ban-Haƙuri ake ce masa, har yara ma da haka suke gaishe shi, kuma bai taɓa nuna ya ji haushi ba.

Mutumin Tamawa ne ta ƙasar Kurfi. Yana saurayi ya biyo kawunsa Dutsin-Ma, ya zauna, ya yi aure, ya tsufa a nan. Allah bai ba shi ilimi mai zurfi ba, bai ba shi dukiya ba, sai ya ba shi sanyin baki. Shanu sun shiga gonar wani, mata ta yi yaji, 'yan uwa sun daina gaisawa saboda gado, sai a ce a kira Jibo. Zai zauna ya bar ka ka amayar da duk abin da ke cikinka, ba zai katse ka ba. In ka gaji, sai ya tuɓe hularsa, wata tsohuwar ƙube da ta koɗe, ya ajiye ta a ƙasa gaban ƙafarka, furfura a waje, ya ce, "Na haɗa ka da Allah." To wane ɗan halas ne zai bar hular dattijo cikin turɓaya? Da ka sunkuya ka ɗauka ka miƙa masa, magana ta mutu. Matarsa Kulu takan ce hular nan ta fi tabarmar gidansu sanin ƙasa. Ladan aikin bai wuce goro da addu'a ba, sai girman da ake ba shi, kuma a faɗi gaskiya yana son girman nan.

Yana cikin wata ƙungiyar addini mai masallaci da Islamiyya a cikin gari, da rassa a ƙauyuka. Ba shi da kujera a kwamiti, amma kwamiti ba ya rabuwa da shi, domin duk inda aka ɓata, shi ake turawa ya gyara. Aikin da ya tsofar da shi ma daga can ya fito.

Akwai wani malami a Islamiyyar, Malam Talha, matashi mai zaƙin murya, in yana karatu har masu wucewa sukan rage tafiya. Akwai kuma Badamasi mai faci a bakin tasha, da 'yarsa Lubna wadda ba ta kai shekara goma ba. Malamin ya riƙa tsayar da ita bayan an tashi, wai ta share aji. Uwarta Khadijat ce ta lura yarinya ta daina cin abinci, in an ce makaranta sai kuka. Da lallashi da komai ta faɗa: malamin lalata ta yake yi. Badamasi ya rufe rumfa ya ce gobe sai ofishin 'yan sanda.

Kafin goben ta yi, kwamiti ya zauna. Shugaba Alhaji Tukur ya yi salati, ya ce abu bai yi daɗi ba. Ya ce amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga masu jiran ƙungiya ta yi tuntuɓe, ga rediyo, ga wayoyin nan da ba su da linzami. Ya ce rufin asirin Musulmi ibada ne. Malam Talha ya yi kuka, ya ce sharrin Shaiɗan ne, ya tuba, za a cire shi daga koyarwa. An ambaci sunan ƙungiya a zaman nan ya fi a ƙirga, sunan yarinyar kuwa ba wanda ya kama. Daga ƙarshe aka ce a kira Jibo.

Bayan la'asar ya isa zauren Badamasi. Ya zauna ya saurara kamar yadda ya saba. Badamasi ya yi magana har muryarsa ta dushe. Sannan Jibo ya fara nasa: in aka je hukuma sunan yarinya zai bi gari, gobe wa zai zo neman aurenta, ga shi an yi alkawari mutumin nan ba zai sake riƙe alli ba. Ya tuɓe hula ya ajiye.

Badamasi ya daɗe yana kallonta. Abokin ubansa ne ke zaune a gabansa ba hula. Ya sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe ta da hannunsa mai baƙin mai, ya miƙa. Daga bayan labule Khadijat ta ce, "Baba Jibo, kun ba ubanta haƙuri. Ita fa, wa zai ba ta?" Jibo ya ce Allah zai saka mata, ya sa takalminsa. A hanya mutane suna gaishe shi yana amsawa, ya isa masallaci ya ce an gama. Aka sa masa albarka.

Damina ta zo ta wuce. Wata rana bayan azahar Alhaji Tukur ya ja shi gefe. Ya ce reshen Tamawa ba malami, saboda halin da ake ciki na rashin tsaro kowa yana gudun ƙauye. Malam Talha kuwa ya shiryu, ba ya fashin sahun gaba, kuma ƙofar tuba ba a rufe take ba. Za a kai shi can. Sai dai mutanen ƙauye ba sa karɓar baƙo sai wani nasu ya tsaya a gaban mai unguwa ya ce ya san shi. "Kai ɗan gari ne, Malam Jibo. Bakinka ɗaya ya fi namu goma."

Jibo ya ce, "Alhaji, ba an ce ba zai ƙara koyarwa ba?"

"A nan garin aka ce," in ji Alhaji.

Jibo ya tuna da jikarsa. 'Yarsa Batula tana aure a Tamawa, kuma 'yarta Surayya, mai tsokanarsa da miji mai furfura duk zuwan da ya yi, a wannan makarantar take. Ya so ya ce a'a, amma mutumin da ya shekara arba'in yana cewa a yi haƙuri, bakinsa bai saba da a'a ba. Ya ce to.

Suka shiga mota zuwa Kurfi, shi da Malam Talha da wani ɗan kwamiti, daga nan suka hau babur. Duk hanya malamin sai ladabi yake zuba masa, Baba kaza, Baba kaza, har da saya masa rake. Jibo ya riƙe raken a hannu bai sha ba. Gajiya yake ji, irin wadda ba ta tafiya ba.

An yi shimfiɗa a ƙofar gidan mai unguwa Almu, dattawa sun hallara. Yara sun leƙo ganin sabon malami, Surayya a cikinsu da ɗan hijabinta, tana yi wa kakanta gwalo. Aka sa Malam Talha ya ja ayoyi, wurin ya yi tsit, wani tsoho har da share hawaye. Mai unguwa ya juyo ya ce, "To Jibo, mu ba mu san shi ba, kai muka sani. Ɗiyanmu za mu damƙa mishi. Ka san shi?"

"Na san shi, ranka ya daɗe."

Aka fara alhamdulillahi. Ɗan kwamiti ya gyara zama.

"Na san shi," in ji Jibo, "shi ya sa ba ni ba shi jikata. Ya ɓata ɗiyar mutane a Dutsin-Ma, ƙaramar yarinya kamar waccan. Ni aka aika na rufe bakin ubanta."

Mai unguwa ya dubi baƙon, baƙon ya dubi tabarma. Matasa suka fara miƙewa, mai unguwa ya daka musu tsawa, ya ce baƙo ba ya zubar da jini a ƙofarsa, amma kada rana ta faɗi yana garin. Ɗan kwamiti ya ɗora malamin a babur suka tafi, suka bar Jibo ya nemi hanyarsa.

A Dutsin-Ma ba wanda ya zage shi. Abin ya fi zagi ciwo. Alhaji Tukur ya ce tsufa ne, a yi masa uzuri. Wani mai wa'azi ya yi kwana biyu yana bayani a kan masu tona asirin wanda ya tuba, bai kama suna ba, bai kuma buƙaci kamawa ba. Aka daina aiken Jibo. Da ya tambayi inda aka kai malamin, sai aka ce masa an san yadda aka yi da shi.

Ya je rumfar Badamasi. Ya ce in har yanzu yana son zuwa hukuma, shi zai raka shi, zai kuma faɗi abin da ya sani. Badamasi bai ɗago daga tayar da yake murzawa ba. Ya ce yarinya tana wurin gwaggonta a Makera, ba boko ba Islamiyya, in ta ga namiji da allo sai ta ruga ɗaka. Uwarta ta ce ba mai sake tayar mata da maganar. Badamasi ya ƙara da cewa, "Ranar da na so tahiya, Baba, hula ka aje mini. Na ji abin da ka yi Tamawa, Allah shi saka. Amma da ta zo kan taka, ai ka ga ba a haƙuri."

Jibo ya ɗaga hannu zuwa kansa, don jiki ya saba, sai ya tsaya. Ya sauke hannun ya ce, "Gaskiya ne."

Yanzu ƙarfi ya ja baya, keken ma ya jingine shi. Mota yake shiga da ɗaurin igiyarsa ranar kasuwar Kurfi, ya baza a gindin bango kusa da masu awaki. Ciniki sama-sama ne, Kulu ta ce abin da yake samowa bai kai wahalar zuwan ba, ya zauna gida mana. Ba ya zama. Duk mutumin ƙauyen da ya tsuguna taya dabaibayi, Jibo zai tambaye shi garinsu, ya tambayi ruwa, ya tambayi lafiyar hanya. In mutum ya miƙe zai tafi, sai ya riƙe bakin igiyar tukuna, ya rage murya.

"Ni kuwa, an kawo muku sabon malami a makaranta? Wani mai daɗin murya?"