Kawu Sale da Raggon Ido

Ku da kuka san Kawu Sale a Bunkure, kun san ba a gama gaisawa da shi sai ya rufe maka ido ɗaya da tafin hannu, duk warin taki, ya ce, "Me ka gani?" Ko liman bai tsira ba!

Ni na jawo wa gari wannan. A farkon shekarun 1980, ina 'yar mitsitsiya, idona na hagu ya karkace, ba ya gani sosai. Kawu ya kai ni asibitin ido a Kano. Likita ya ce idon lafiyarsa lau, ƙwaƙwalwa ce ta yi watsi da shi. A rufe mai kyan, dole ta koyi aiki da raggon, amma tun ina ƙarama. In na girma, ya tafi ke nan.

Kawu ya sayi filastar rufe ido? Ina! Tsohuwar hularsa ya yanka.

Inna ta ce, "Haba Yaya, wa zai kalli yarinya da tsumma a fuska?"

"Ita nake so ta kalli mutane!"

Kullum sai ya zaunar da ni gaban tulin tumatir in ware nunannu. Ranar da dillali ya tarar da rabin kwando kore shar, ya hau faɗa. Kawu ko a jikinsa. "Yi haƙuri, Alhaji, idon a aji ɗaya yake."

Da tsokanar yara ta ishe ni na cire tsumman, sai shi ma ya ɗaura. Ashe nasa na hagun haka yake tun yarinta. Ya rufe mai kyan, ya hau keke, ya bi gefen kanal ɗin ruwan noman rani. Tsundum! Masu dashen albasa suka tsamo shi yana tari.

"Na ga ruwan sarai," in ji shi. "Ƙwaƙwalwar ce ta makara da kawo labari!"

Na yi dariya har na yarda aka mayar mini da nawa.

Idona ya miƙe, da shi nake karatu har yau. Nasa bai taɓa gyaruwa ba. Da na girma na tambaye shi dalili, sai ya ce:

"Ni ban samu mai taurin kan da zai rufe mini ba, Hajara."

Wallahi ina kewarsa. Allah ya ji ƙanka, Kawu, ya haskaka kabarinka, ya nuna maka Aljanna da idanunka duka biyu.