Ranar da Na Kai Baba Tiga

Mahaifina ya yi shekaru yana juya ruwan kanal a gonarsa, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, amma bai taɓa ganin inda ruwan yake fitowa ba. Ya san ranar da ake sako shi. Ya iya tsoma tiyo ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya fizgo shi har ruwa ya biyo ya bi kunya-kunya. Dam ɗin Tiga kuwa, uwar ruwan gaba ɗaya, labarinsa kawai yake ji a bakin direbobi.

A farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin idonsa ya fara ba shi matsala. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a cikin birnin Kano, sai na kai shi asibitin ido. Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, ganin ne zai riƙa tsukewa daga gefe har ya rufe, magani sai dai ya rage masa gudu. Muna cikin mota za mu koma gida Baba ya taɓa gwiwata.

"Malam," in ji shi. Haka yake kirana, don ni ne ɗan fari, bai taɓa kama sunana ba. "Ka kai ni dam ɗin nan in gan shi. Mu tafi da hantsi, mu yi la'asar a gida."

Da na ce to, da shi ke nan. Amma ni Allah ya yi ni da jarabar son tsari, kuma ina jin kaina ɗan birni. Na ce, "Haba Baba, ai ba a yi haka ba. Kanon ma me ka sani a cikinta ban da kasuwar tumatir? Kwana biyu za mu yi a birni, rana ta uku mu rufe da Tiga."

Na yagi takarda a littafin darasi na ja mata layi da rula. Ranar farko Dutsen Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi, sai Kasuwar Kurmi, sai karofin masu rini. Rana ta biyu gidan zu, da yamma filin jirgi ya ga tashin jirgin sama. Ta uku Tiga, a motar wani abokin aikina da ya yi alkawarin ara mini, har na rubuta inda za mu ci soyayyen kifi. Na karanta masa, ya yi dariya ya ce ko masu zuwa Makka ba su kai ni shiri ba.

Abin da ban saka a takardar ba shi ne, tun da kanal ya zo manomi ya daina samun hutun rani. Da na sami hutun makaranta, alkama tana son ruwa, tumatir ya nuna. Da aka yanke alkama aka rufe ruwa don yashe kanal, ni kuma jarrabawa ta tsare ni. Da muka samu sarari mu biyu, motar abokina tana wajen bakanike. Baba ya taɓa aiko direban motar tumatir ya tambaye ni ko takardar ta nuna, ko har yanzu ɗanya ce. Haushi ma na ji, wai an raina mini ƙoƙari.

Wata Asabar na je gida, ya sa babbar rigarsa ya ce mu hau motar Rano, daga can mu ƙarasa. Na ce a motar haya, a matse kamar kwandon tumatir? Na ce ya ƙara haƙuri, in za a yi abu a yi shi da kyau. Bai yi musu ba. Ya cire rigar ya ba Inna, mahaifiyata, ta ninke.

Sai da aka fi shekara kafin komai ya daidaita. Muka hau Dala yana dafe da kafaɗata, ya ce gwiwa ce ke damunsa. Ina nuna masa ga masallaci can, ga ganuwa, yana cewa, "Masha Allahu." A karofi warin ruwan rini ya yaba. A gidan zu ya tsaya yana sauraron yara suna ihun ga zaki. Ni kuwa ina ta duba agogo ina soke abin da muka gama da biro. Ko ban lura ba ne, ko ban so in lura ba, har yau ban iya rabewa ba.

Rana ta uku muka isa Tiga wajen azahar. Na riƙe hannunsa muka hau kan bangon dam ɗin. Ta wannan gefe ruwa ne shimfiɗe, da jiragen masunta ƙanana a kansa. Ta ɗaya gefen gangare ne, busasshiyar ciyawa da ƙayoyi. Iska tana kaɗawa ta ko'ina. Na ce ya tsaya nan in je in sayo kifin nan, kada ya ƙare.

Da na dawo na same shi tsaye, hannuwansa a baya, ya ba ruwan baya, fuskarsa tana kallon ƙayoyi. Ya ji takuna, ya ɗaga murya cikin fara'a.

"Kai, Malam, ruwa! Wannan ruwa haka! Allah ya yi maka albarka, ka cika alkawari."

Wani masunci da ke gyaran koma kusa da mu ya buɗe baki zai yi magana, na girgiza masa kai. Na je na tsaya kusa da Baba, ni ma na ba ruwan baya. Na ce, "Amin, Baba. Akwai ruwa kam." Muka daɗe a haka muna fuskantar busasshen gangare, kifin yana hucewa a hannuna, hawaye yana zubo mini. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Da muka koma gida na ja Inna gefe na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun kafin damina yake ƙirga taku zuwa masallaci, gonar ma da ƙafa yake gane inda ruwa ya kai. Na ce don me ba wanda ya gaya mini? Ta dube ni, ta ce shi ya hana. Cewa ya yi kada a ɓata wa Malam tsarinsa, ya sha wahala a kansa.