Malam Sada, Wanda Ya Rufa Mini Asiri a Lab

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shirin fita aiki da safen nan aka kira ni, wai Malam Sada ya rasu.



Shi ke kula da lab ɗin kemistiri muna ɗalibai, shekarar da soja suka miƙa mulki. Firojet ɗina na kammala karatu a kan lalle ne, ko ruwansa zai hana asid cin ƙarfe. In auna gutattakin ƙarfe, in tsoma su a asid, wasu da ruwan lalle, wasu babu, in sake aunawa in ga waɗanda suka fi zaizayewa.

Sati uku ina fama, babu bambanci. Saura wata guda a miƙa aiki, in ban miƙa ba sai maimaita shekara. Na zauna na fara rubuta lambobi daga kaina.

Ashe yana tsaye a bayana. Ko murya bai ɗaga ba.

"Ɗiyata, wannan sikeli ne ya ba ki, ko ke kika ba kanki?"

Na fashe da kuka.

Ya ɗauki ƙarfe ɗaya ya shafa da yatsa. "Kin gani, ba ki goge shi ba. Abin da ke cikin lallen so yake ya manne a fuskar ƙarfen, ya lulluɓe shi, asid ya rasa wurin kamawa. To a kan tsatsa da maiƙo ina zai manne?"

Ya miƙo mini samfefa, tare muka goge su duka. Har ranar Asabar yakan zo ya buɗe mini lab. Ranar da sikeli ya nuna bambanci, wallahi ya fi ni murna.

Bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya kama ni ina yi ba. Yau ni na faɗa da bakina.

Watan jiya na je gaishe shi a Ƙofar Marusa. Ya rame sosai. Da ya ji ni ma kemistiri nake koyarwa, ya ce, "Ki bar yara su taɓa kaya da hannunsu. In sun fasa kwalba kada ki yi musu tsawa." Ya matsa sai na tsaya na ci tuwo. Na ce ina sauri, zan dawo.

Ban koma ba.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba matarsa Hajiya da yara haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a.